Layi Na Ɗari Biyu Da Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai na yamma a Brno.
Taragon lantarki na kuka a kan kwana,
dusar ƙanƙara ta binne kekuna a tsakar gida.
Radim ya turo mini gyaransa, karo na shida,
ya ce, "Bohdana, yau kam ba ki da ta cewa."
Na ce, "To."
Na ɗora ruwan shayi.

Ba ɓarawo mai fasa ƙofa muke tsaro ba.
Ƙwaƙwalwar injin ce da kanta,
mai azarɓaɓi, mai riga malam masallaci:
kafin a ce mata dama ko hagu
ta riga ta ci rabin hanya.
In ta dace, riba.
In ta kuskure, sai ta dawo sumui-sumui
ta ce ba ta je ko'ina ba,
alhali ga taɓo a ƙafarta.

Haka mai burodin ƙasan benenmu take mini.
Da ta hango hulata a bakin ƙofa
ta naɗe mini mai tuffa guda biyu.
Ranar da likita ya raba ni da zaƙi
na girgiza kai, ta mayar da su kan kanta.
Ba a saya ba, ba a sayar ba,
amma mutumin da ke bayana
ya ga takardar da ta yamutse,
ya san abin da nake ci shekara tara.

Inji ɗaya, baƙi arba'in a cikinsa,
kowa na zaton shi kaɗai ya kama gidan.
Wani asibiti ne, wani banki,
wani kuwa kuɗin awa guda ya biya
don ya manna kunne a jikin bango.
Aikin Radim shi ne:
duk sanda baƙo ya miƙa wa mai gida makulli,
a share sawun zato kafin mai gida ya taka.

Ya kuwa share.
Na bi shi layi-layi da yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Babbar ƙofa, tas.
Ƙofar baya, tas.
A layi na ɗari biyu da goma sha ɗaya na ja birki.
Ai baƙo ma yakan sauki nasa baƙon,
ɗan haya ya ba da hayar lungu.
In wancan ya yi tuntuɓe ya faɗo,
akwai tsalle guda da zai dire shi a ɗakin mai gida
bai bi ta kan tsintsiya ba.

"Wa zai bi ta nan?" in ji Radim,
hannu ɗaya a cikin rigar sanyi.
"Sau ɗaya a miliyan.
Kin kuma san farashin shara,
kashi uku cikin ɗari na gudu.
Masu manyan rumbuna za su cinye ni ɗanye."
Na ce, "Ƙadangare ba ya ƙirga tsagar bango.
Ɗaya ta ishe shi."

Ya zauna, ko hula bai cire ba.
A gefen layin ya taɓa rubuta: ba ya yiwuwa.
Ya daɗe yana kallon kalmomin nan uku
kafin ya goge su, harafi bayan harafi,
ya ɗauko layi huɗu daga ƙasa
ya dasa su gaban tsallen.

Injin gwaji a ɗakin ƙasa ya hau gurnani.
Muka jira. Shayi ya huce, ya yi fata.
Uku da ɗigo huɗu.
Ya yi tsaki, ya yi dariya, ya sake tsaki.
Na sa sunana a ƙarƙashin nasa: na duba.
In mun yi daidai, ba wanda zai taɓa ji.

Taragonsa ya wuce, ya tafi a ƙasa.
Gobe da sassafe mai burodi za ta hango hulata,
hannunta ya riga bakina.
Har yau ban iya ce mata ta daina ba.